Ƙwallon da Baban Nana Bai Tuna Ba

Ni ce matar nan da aka taɓa yin zancenta a Gwallameji, wadda mijinta yana kwance ta rufe ƙofa ta hana mutane duba shi. Shekara tara ke nan, amma har yau in na shiga gidan biki a cikin gari sai an sami tsohuwar da za ta taɓa ta kusa da ita ta nuna ni da baki. Ban taɓa tsayawa na kare kaina ba. Yanzu da 'yata Nana ta haifi namiji, ubansa har ya sayo masa ƙwallo tun bai iya zama ba, na ga gara na rubuta abin da ya faru, ko Allah zai sa wata ta kauce wa kuskuren da muka yi.

Mijina Malam Sani, wanda nake kira Baban Nana, ma'aikacin safiyo ne, awon filaye yake yi. Kansa ne jarinsa. Mutum ne da za ka ce masa filin wane a hanyar Inkil, ya faɗa maka lambarsa da faɗinsa da tsawonsa bai buɗe fayil ba. Abu ɗaya ne ke raba shi da hankalinsa, shi ne ƙwallon safiyar Asabar. Akwai wasu tsofaffi irinsa, malaman makaranta da 'yan kasuwa da sojojin da suka yi ritaya, da suke haɗuwa a wani fili kusa da barikin Shadawanka. Masu tumbi da masu furfura, kowa gwiwarsa ɗaure da bandeji. Shi baya yake tsarewa, suna kiransa Katanga, kuma shekara goma sha ɗaya yana buga wasan nan bai taɓa cin ƙwallo ko ɗaya ba.

In sun tashi, gidanmu suke yo wa tsinke. A lokacin gidaje ba su cika Gwallameji ba, akwai bishiyar mangwaro a ƙofarmu da dogon benci a ƙarƙashinta. Nan suke bajewa su ci masa da miyar taushe, suna musu a kan wanda ya zubar da ƙwallo, gida duk ya ɗauki warin man zafi da na safa. Ni kuwa mita nake yi. Kowace Asabar sai na ce wannan ce ta ƙarshe, kowace Juma'a kuma da yamma sai na tsinci kaina ina jiƙa shinkafa. Wallahi yau da za a dawo min da hayaniyar nan, da na soya masa kwano goma ban ce uffan ba.

Ranar da abin ya faru, da waƙa suka kawo shi. Na leƙo na ga sun ɗauko shi a kafaɗa, amininsa Saja Bulus yana gaba da filasta a gira. Saja Bulus tsohon soja ne mutumin Bogoro, yana da shagon kayan masarufi a kasuwar bariki, kuma shi da Baban Nana ko 'yan ciki ɗaya sai haka.

"Maman Nana, yau ka ƙara miya!" in ji shi, don shi kowa "ka" yake ce masa. "Katanga ya ci ƙwallo!"

Shi ya ba ni labari. Sun yi tsalle tare za su sa kai, kawunansu suka gwaru. Shi girarsa ta fashe, aka fitar da shi. Baban Nana kuwa ya faɗi ya ɗan jima a ƙasa, amma babu jini. A filin nan suna da doka tasu, wai in babu jini babu fita. Aka fasa masa ledar ruwa biyu a ka, aka ɗaga shi, ya ci gaba da wasa. Dab da tashi aka bugo kwana, ya taho tun daga baya ya sa kai, ƙwallo sai raga.

Suna cikin cin masa ya ɗago ya ce, "Wai wa ya ci?"

Aka kwashe da dariya. Kowa ya ɗauka so yake a ƙara yaba masa. Suka maimaita masa labarin, ya yi murmushi. Can an jima ya sake cewa, "Wa ya ci?" Aka sake dariya, har wani ya ce wannan shekara ba za mu huta ba. Ni ma na yi dariyar.

Bayan sun watse ina kwashe kwanuka, daga ni sai shi, ya ce, "Rabi, yau mun yi wasa kuwa? Wa ya ci?"

Na juyo na dubi idonsa. Babu wasa a ciki. Da la'asar ya yi amai, ya ce kansa kamar ana sara. To, ga laifina na farko, kuma ba zan ɓoye shi ba: maimakon asibiti, kemis na tafi na sayo maganin ciwon kai. Na ce rana ce ta buge shi.

Kafin Litinin labari ya gama gari cewa Malam Sani yana kwance. Kun san mu da dubiya. Ni kaina a cikinta na tashi, kuma ina sonta. Babu abin da ke sanyaya ran mai jinya kamar ya ga takalma sun cika ƙofar ɗaki, ga lemo, ga ayaba, ga fulas ɗin kunu. Tun hantsi ake sallama har bayan isha'i. 'Yan ofis, 'yan masallaci, dangina, danginsa, maƙwabta. Duk wanda ya shigo sai Baban Nana ya tashi zaune an yi "ya jiki" ya ce "da sauƙi". 'Yan ƙwallo kuwa kowannensu sai ya zaro waya ya kanga masa a fuska, don wani ya ɗauki hoton bidiyon cin nan. Yana runtse ido, suna cewa ya buɗe ya ga tarihi.

Sai ga Yaya Laraba. Ita ce babbar yayarsa, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma a cikin gari take zaune. Ba ta kiransa Sani, Ɗan'asabe take ce masa, kuma ko da furfurarsa yaron goye ne a wurinta. Ta dube shi sau ɗaya ta yanke hukunci: mataccen jini ne ya taru a ƙeya. Washegari ta zo da wanzami aka yi masa ƙaho. Wata gwaggo ta kawo hayaƙi, yana shaƙa ya hau amai. Wani ya ce man zaitun, wani ya ce a ɗaure kan da rawani tamau. Duk mun yi. Ba na zargin kowa, don babu wanda ya zo da mugun nufi.

Amma mutumin sai baya yake yi. Hasken taga ya dame shi, ƙarar fanka ta dame shi. Ranar Alhamis cokali ya suɓuce wa Nana ya faɗi a siminti, ya daka mata tsawar da sai da ta ƙanƙame ni, shi da bai taɓa ɗaga mata murya ba tun haihuwarta. Bayan nan ya zauna yana hawaye, ya ce bai san abin da ya same shi ba. Ranar Litinin ta biyu ya yi ta maza ya tafi ofis. Kafin azahar sai ga shi a keke napep, ya shigo ya zauna a bakin gado da jakarsa a hannu.

"Rabi," ya ce, "lambobin gudu suke yi. Na riƙe ɗaya, kafin na kai ga ta biyu ta tafi."

A ranar na tsorata da gaske. Na ga mutumin da na aura yana zame min a hankali alhali yana zaune a gabana.

Washegari Saja Bulus ya yi sammako ya kama mana layi a asibiti. Duk da haka sai da muka yi layin kati, muka yi na awon jini, muka zauna a wani dogon baranda inda kowa ke magana lokaci ɗaya. Baban Nana ya rufe kansa da mayafina. Sai bayan azahar muka ga likita, wata matashiya mai ɗan gilashi, wadda da na gan ta na ce a raina wannan ai sa'ar ƙanwata ce. Allah ya saka mata da alheri duk inda take.

Ba ta yi gaggawa ba. Ta sa ya bi yatsanta da ido. Ta sa ya tsaya da ƙafa ɗaya ya rufe ido, sai ga Katanga yana tangaɗi har sai da Saja ya tare shi. Ta faɗa masa kalmomi biyar ta ce ya riƙe, an jima ta tambaya ya kawo biyu. Ta ce ya lissafo watanni daga Disamba ya yo baya. Ya ce Disamba, Nuwamba, Oktoba, sai ya tsaya yana kallona kamar ni zan ba shi amsa. Na sunkuyar da kai don kada ya ga fuskata.

Da ta ji ya yi amai tun ranar farko, ta juyo kaina. "Hajiya, wanda ya bugu a ka ya yi amai, ko yake maimaita tambaya, a ranar ake kawo shi. Ba a kwana." Da ta ji ya koma wasa bayan faɗuwar, har ya ƙara sa kai, sai ta cire gilashinta ta ajiye.

Ta tura mu hoton kai. Kuɗinsa ya cinye abin da muka ware na takin gonarmu ta Inkil, shekarar nan masara ba ta yi abin kirki ba. Hoto ya fito babu jini, babu tsagewa. Na yi hamdala na ce to shi ke nan lafiya lau. Ta ce a'a. Ta ce da Turanci sunan abin konkoshon, wato ƙwaƙwalwa ce ta girgiza, kuma sau da yawa na'ura ba ta nuna shi.

"Kin san ƙwaryar kindirmo?" ta ce. "A jijjiga ta da ƙarfi. Ƙwarya ba ta fashe ba, amma abin da ke ciki ya kaɗu. Sai an ajiye ta wuri ɗaya."

Ta ce masu binciken da ke bin 'yan wasa sun gano cewa mafi haɗari shi ne bugu na biyu kafin na farko ya warke, don haka duk wanda aka yi zargin ya bugu a fitar da shi a ranar, da jini ko babu. Saja Bulus ya sunkuyar da kai. Sannan ta tambaye ni mutum nawa ke zuwa duba shi a rana. Na ce ban ƙirga ba, amma takalma har tsakar gida.

"Kasuwa kuka buɗe masa a ka," ta ce. "Magani kaɗan zan rubuta. Babban maganin yana ƙofar gidanki. Kwanakin nan babu baƙi, babu waya, babu talabijin. Amma kada ki kulle shi a duhu, an daina wannan. In ya ɗan samu, ya fara taka ƙafa kaɗan-kaɗan. In kan ya tashi, a tsaya."

A keke muna dawowa na rasa abin da ke min daɗi. A garin nan ka hana mutum shiga duba mara lafiya? Ai ka zage shi ne da iyayensa. Kuma ba a zaɓe: in ka bar ɗaya ya shiga, ka ɓata da ɗari. Saja Bulus ya lura da ni.

"Maman Nana, ka bar min," ya ce. "Kaina ne ya fasa nasa. Ni zan yi gadinsa."

Ya bar wa matarsa shago, ya zo ya zauna a bencin nan na gindin mangwaro. Duk wanda ya zo ya miƙe ya gaishe shi, ya ce likita ta hana, ya karɓi gaisuwa da ledar lemo. Wasu suka fahimta. Wasu suka juya suka tafi da fushi. Kafin kwana biyu maganganu sun fara dawo min. Wai Malam Sani ya taɓu ne nake ɓoyewa. Wai na mallake shi. Mahaifiyata da kanta ta kira ni ta ce, "Rabi, ba haka na tarbiyyantar da ke ba." Na shiga kicin na yi kukana, na wanke fuska, ƙofa kuwa ban buɗe ba.

Rana ta uku Yaya Laraba ta sauko daga keke da fulas ɗinta. Ina jin muryarta na fito, don wannan ta fi ƙarfin Saja.

"Yaya, ki yi haƙuri," na ce, na durƙusa. "Likita ce ta ce..."

"Likitar ce ta goye shi?" ta ce. "Rabi, ni za ki tsayar a waje? Kashinsa da fitsarinsa a zanena suka ƙare."

"Na sani, Yaya. Kansa nake jiye wa. In kin shiga, ba ni da bakin hana kowa."

Ta dube ni sama da ƙasa. Na ɗauka za ta ture ni ta wuce, kuma da ta yi haka ba zan iya taɓa ta ba. Sai ta juya ta nufi benci, ta zauna a ɗaya ƙarshen, ta ɗora fulas a cinya. Ta ce ba za ta shiga inda ba a son ta ba, ba kuma za ta tafi ta bar ƙanenta ba. Na kawo mata abinci ta ce ta ƙoshi. Na kawo ruwa ta kau da kai. Har magariba tana nan. Washegari ta dawo, jibi ma ta dawo, ba ta amsa gaisuwata.

A rana ta uku da zamanta wasu manyan dangi suka zo da mota, dattawa masu babbar riga, irin waɗanda Saja Bulus ba zai iya buɗe baki a gabansu ba. Ina leƙe ta taga na ga ya miƙe yana sosa ƙeya, na ce yau kam an gama da ni. Har sun doshi ƙofa sai Yaya ta yi gyaran murya.

"Ina zuwa, Alhaji? Ni da na goye shi ina nan zaune a waje. Wa ya isa ya riga ni shiga?"

Suka yi cirko-cirko, suka yi addu'a daga nan gindin bishiya, suka koma mota. Daga ranar Yaya ta karɓe aikin. Ta fi Saja tsanani nesa ba kusa ba. Mai tallan gyaɗa ma in ta ɗaga murya sai ta kore ta. Ita da Saja suka zama abokan hira, suna raba goro, tana yi masa faɗan tsofaffi da ba su san sun tsufa ba. Ni dai har lokacin ba ta ce min kanzil ba.

A cikin gida kuwa shiru ya fara aiki. Barcinsa ya daidaita. Muka fara tafiya da safe, daga ɗaki zuwa bakin famfo, sannan zagayen gida ta ƙofar baya. Akwai ranar da ya ji ƙarfi ya ɗauki jarida, kan ya tashi, muka koma baya kwana biyu, har na fara fid da rai. In ina tsintar shinkafa yana zaune kusa da ni yana lissafa watanni da baya. Ranar da ya kai Janairu bai tsaya ba, ya ce, "To Malama, a ba ni maki na." Wannan ce tsokanarsa ta farko a mako uku, kuma na ji ta fiye da duk wata kyauta da ya taɓa yi min.

Da muka koma asibiti likita ta sake gwada shi, ta ce yanzu mutum ɗaya zai iya shiga, minti goma, ban da hayaniya. Na dawo na durƙusa gaban benci na ce, "Yaya, bismillah."

Ta cire takalmi tun daga ƙofar gida. Matar da in ta yi magana ana ji a layi na uku, sai ga ta tana sanɗa. Ta zauna a ƙasa ta riƙe ƙafarsa, ta ce a hankali, "Ɗan'asabe, ka gane ni?"

"Yaya," ya ce, "ai ko na manta kowa ba zan manta wadda ta sayar min da akuya ta ce kura ce ta ɗauke ba."

Rikicinsu ne na shekara arba'in. Ta toshe baki da mayafi tana dariya tana kuka, ba ta bari sauti ya fita ba. Minti goma na cika, ita da kanta ta miƙe. A tsakar gida ta tsaya ba ta dube ni ba ta ce, "Rabi, wai tuwon nan da kike ta kawowa, akwai saura?" Na ruga kicin na zubo mata.

A mako na bakwai ya koma ofis, rabin yini tukuna, sannan cikakke. Lambobinsa sun dawo. Ƙwallo kuwa bai sake bugawa ba. Likita ba ta hana shi har abada ba, amma da ta tambaye shi sau nawa ya taɓa faɗuwa aka zuba masa ruwa a ka tun yana saurayi, ya kasa ƙirgawa, sai ya yanke wa kansa hukunci. 'Yan filin sun soke dokar nan tasu. Saja Bulus ya zama mai fitar da duk wanda ya bugu, ko yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau.

Don haka 'yan uwa, wanda ya bugu a ka ya maimaita muku tambaya, kada ku yi dariya. Ku kai shi a ranar. In kuma kuka je dubiya aka ce ku tsaya a waje, ku yi addu'arku daga nan, tana isa.

Yanzu dai Yaya Laraba ta rasu, Allah ya jiƙanta da rahama. Saja ya koma Bogoro, sai dai waya. An sare mangwaron da aka zo shimfiɗa kwalbati, tsofaffin nan kuma sun watse ɗaya bayan ɗaya. Komai ya dawo wa Baban Nana ban da safiyar nan. Daga ɗaura takalminsa har zuwa la'asar babu abin da ya rage masa, bidiyon ma ya tafi da wayoyin da suka lalace. Ƙwallo ɗaya tak ya ci a rayuwarsa, kuma a bakina yake jin labarinsa, ni da ban je filin ba. Ina ba shi yadda Saja ya ba ni, sai dai kowace shekara tsallen yana ƙara tsawo.

Wata Asabar ɗin in muna karyawa, sai ya ajiye kofi ya ce, "Rabi, wai wa ya ci?" Na san tsokana ce. Duk da haka sai na dubi idonsa na ga dariyar tana ciki, sannan na iya amsawa.

"Kai ka ci, Baban Nana. Sha kununka."